Yadda Ake Koyon Nahawu da Alamomin Rubutun Turanci Don Wasiƙun Kasuwanci

Wasiƙun da ɗan kasuwa ko ma'aikacin ofis yake rubutawa da Turanci ba su da yawan iri. In ba neman farashi ba ne, to ba da farashi ne, ko odar kaya, ko sanar da cewa kaya sun tashi, ko tunin bashi, ko ƙorafi, ko ban haƙuri. Kowace daga cikinsu abu huɗu take ɗauke da su: wa zai yi, me zai yi, yaushe, kuma nawa. Kuskuren da ya taɓa ɗaya daga cikin huɗun nan kuɗi yake ci. Sauran kurakurai kunya suke jawowa, ita ma ba a son ta, amma ba ta kai asara ba. Don haka mai shago ko tebur da zai kula da shi ba sai ya karance littafin nahawu daga bango zuwa bango ba. Ya bi matakan nan bi da bi, ya fi ba da ƙarfi a na biyar da na bakwai da na takwas.

Kayan aiki

Sabon littafin rubutu, da biro biyu, baƙi da ja.

Ƙamus na Turanci zalla, irin wanda aka yi wa masu koyo, na Oxford ko Longman ko Cambridge. A gaban kowane suna yana sa harafin C idan ana ƙirga abin, ko U idan ba a ƙirgawa, kuma yana kawo jimlolin misali masu nuna ƙaramar kalmar da ke bin aikatau, wato kalmar aiki. Ƙamus na Hausa zuwa Turanci zai ba ka kalma, amma ba zai nuna maka mazauninta a jimla ba. Idan babu kuɗin saye, na Cambridge da ke intanet kyauta ne, har ma yana furta kalma ka ji.

Wasiƙu goma na gaske da ƙwararru suka rubuta, irin na banki ko na babban kamfanin da kake sari a wurinsa. In ba ka da su a takarda, duba akwatin imel ɗinka, ba za ka rasa ba.

Saƙonni goma da kai da kanka ka taɓa aikawa, ko da ta WhatsApp ne.

Waya ko kwamfuta, da mutum ɗaya da ya fi ka Turanci wanda zai riƙa duba maka sau ɗaya a mako. Sai minti ashirin a kullum. Minti ashirin na kowace rana ya fi awa uku na ranar Lahadi kaɗai.

1. Zaɓi Turanci ɗaya ka saita na'urarka a kansa

A Najeriya da Gana Turancin Ingila ake bi a makaranta da ofis: cheque, colour, centre, labour. Ba'amurke zai rubuta check, color, center, labor. Duka daidai ne, cakuɗa su a takarda ɗaya ne aibi. A Microsoft Word ka shiga Review, sai Language, sai Set Proofing Language, ka zaɓi na Birtaniya. A Google Docs yana ƙarƙashin File, sai Language. A waya ma ka canza harshen madannai, in ba haka ba za ta yi ta gyara maka abin da bai ɓaci ba.

2. Gano naka kurakuran

Kwafe saƙonninka goma cikin littafin da baƙin biro, kana tsallake layi ɗaya bayan kowane layi. Ka ba mai duba maka ya yi gyara da jan biro a layin da ka bari. Kada ya sake rubuta saƙon gaba ɗaya da nasa salon, ya ja layi a ƙarƙashin kuskure ya sa daidai a ƙasansa, shi ke nan. Daga nan ka raba shafin ƙarshe gida uku: abin da ka rubuta, abin da ya dace, da dalili a taƙaice da Hausa. Za ka tarar kurakuran 'yan kaɗan ne suke ta maimaituwa. Su ne manhajarka.

Idan babu mai dubawa, sa saƙonka kusa da wasiƙar banki mai magana irin tasa, ka gwada jimla da jimla.

3. Gina jimla a kan ƙafa uku

Mai aiki, aikin, da abin da aikin ya faɗa wa: “We received your order.” Jimla ɗaya, magana ɗaya. Idan ta wuce kalma ashirin, nemi wurin da za ka sare ta biyu.

Kada ka yar da mai aikin. “Am writing to inform you” ya zama ruwan dare, amma gurguwar jimla ce. “I am writing” ake cewa. Sannan aikatau ya dace da mai aikin: “The driver delivers”, “The drivers deliver”. Inda aka fi zamewa shi ne idan wasu kalmomi suka shiga tsakani. A “The price of the cartons has changed” farashi ne ya canza, shi kuwa tilo ne, saboda haka has za a sa, duk da cartons ce take maƙwabtaka da aikatau.

Kalmomi biyu na kasuwa suna saɓa wa Hausa kai tsaye. Mukan ce kuɗin sun shiga, amma money tilo ce: “The money has been paid.” Wani kan ce kaya ya iso, amma goods kullum jam'i ce: “The goods have arrived.” Mota kuma ba she ba ce, shago ba he ba ne, duk abin da ba mutum ba it ne.

Hausa tana da “an aika”, “an biya”, inda ba a ambaci wanda ya yi ba. Turanci ma yana da irinta: “The goods were sent.” Ba laifi ba ce a nahawu, amma a wurin alkawari tana ɓoye mai ɗaukar nauyi. “Transport will be paid” ba ta faɗi wa zai biya kuɗin mota ba, kuma ranar da mota ta tsaya a ƙofar sito kowa zai ce ba shi ba ne. Rubuta “The buyer will pay for transport.”

4. Lokacin aikatau: huɗu sun ishe ka

Abin da aka saba yi: “We supply rice and sugar.” Abin da aka yi a wani sanannen lokaci: “We sent the goods on 4 March.” Abin da aka riga aka yi ba tare da ambaton rana ba: “We have sent the goods.” Abin da za a yi: “We will send the goods on Monday.”

Na biyu da na uku ne ke rikita Bahaushe, domin “mun aika” ɗaya ce take ɗauke su duka. Ƙa'idar gajeriya ce: muddin ka ambaci lokacin da ya wuce, irin yesterday ko last week ko kwanan wata, to have ba ta da wuri. “We have sent it yesterday” kuskure ne. Since tana tafiya da mafarin lokaci, for kuma da tsawonsa: “since 2019”, “for six years”.

Wani tarkon daga “ina” da “muna” yake fitowa. Muna cewa ina da kaya, muna buƙata, ina sane, sai hannu ya rubuta “I am having”, “we are needing”, “I am knowing”. Aikatau na mallaka da sani da buƙata ba sa ɗaukar ing a nan: “I have”, “we need”, “I know”. Bayan did kuma aikatau yana komawa asalinsa: “We did not receive”, ba received ba.

5. Kalmomin da ke juya akalar kuɗi

Nan ka fi daɗewa. Rubuta kowace a shafinta, ka yi mata jimla biyar da kayan da kake sayarwa.

Owe. Bahaushe kan ce “ina bin ka dubu ɗari”, mai bin bashi ne a farkon jimla. A Turanci wanda ake bi ne a farko: “You owe me ₦100,000.” Idan ka jera kalmomin yadda suke a Hausa ka rubuta “I owe you ₦100,000”, ka sa hannu da kanka cewa kai ake bi.

Lend da borrow. Saiwa ɗaya muke amfani da ita: na ara masa, na ara a wurinsa. Turanci ya raba su. Mai bayarwa shi ne ke lend, mai karɓa shi ne ke borrow. “Borrow me” ba ta cikin Turancin wasiƙa.

By da until. “Please pay by 30 April” na nufin kada biya ya wuce wannan rana. “This price is valid until 30 April” na nufin farashin zai ci gaba da aiki har ranar. Within 7 days kuwa a cikin kwana bakwai ne, amma daga yaushe ake ƙirgawa? Ƙarasa ta: “within 7 days of delivery”. Idan ka ce working days, Asabar da Lahadi da ranakun hutu sun fita daga lissafi, wato kwana bakwai na iya zama tara ko fiye.

By da to a wurin farashi. “We have increased the price by ₦2,000” ƙarin dubu biyu ne a kan tsohon farashi. “To ₦2,000” na nufin sabon farashin ke nan gaba ɗaya.

Will, must, should, may. Will alkawari ne, must tilas ce, should shawara ce, may kuwa in an ga dama. Wanda ya rubuta maka “We may refund you” bai ɗauki alkawarin komai ba. Wurin roƙo kuma “I would like to” ake cewa, ba “I will like to” ba.

Including da excluding. Harajin VAT a Najeriya ya koma kashi 7.5 cikin ɗari a Fabrairun 2020, saboda haka farashin da bai faɗi ko harajin yana ciki ba rabin magana ne. Rubuta “including VAT” ko “excluding VAT”, haka ma kuɗin mota da na lodi.

Yes da no. Idan aka tambayi Bahaushe “ba ka samu ba?” sai ya ce “e, ban samu ba.” Bature kuwa amsarsa tana bin gaskiyar abin ne: “Haven't you received it?” amsa ita ce “No, I haven't.” In ka rubuta Yes kaɗai, zai ɗauka kaya sun iso. Mafita mai sauƙi: kada ka taɓa amsawa da kalma ɗaya, cika jimlar.

Sai 'yan kalmomin da suka zauna a Turancinmu na gida amma baƙo zai fahimce su daban. Severally ba “sau da yawa” take nufi ba, “kowa daban” take nufi, kuma kalmar lauyoyi ce. Rubuta several times. Next tomorrow babu ita, jibi the day after tomorrow ne, kuma sa kwanan wata ya fi duka. “Do the needful” ba ta gaya wa kowa abin da zai yi ba. Faɗi aikin da sunansa.

6. A, an, the, da sunayen da ba a ƙirgawa

The kusan ita ce -n da -r na Hausa: buhun, motar, wato wanda muka riga muka sani. A da an na abin da aka fara ambata ne: “We sent an invoice. The invoice shows two items.” Sauti ake bi, ba harafi ba: an hour, an invoice, amma a unit, a European buyer.

Waɗannan ba sa ɗaukar s, ba sa ɗaukar a: information, equipment, furniture, advice, luggage, stationery, machinery, feedback, evidence. In kana son ƙirgawa sai ka ce “three pieces of equipment”. Ma'aikata biyar “five members of staff” ne, ba staffs ba. Duk sabon sunan da ka ci karo da shi, duba C ko U ɗinsa a ƙamus kafin ka yi masa jam'i.

Ƙananan kalmomi irin su to da for da on ba su da wata ƙa'ida mai kama hannu, haddace su ake yi tare da aikatau: reply to, pay for goods, comply with, depend on. Wasu kuma ba sa son rakiya ko kaɗan: discuss the price, request a quotation, contact us. About bayan discuss kuskure ne, haka for bayan request idan aikatau ce.

7. Alamomin rubutu

Aya. Kowace cikakkiyar magana ta ƙare da aya, sai tazara ɗaya, sai babban baƙi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗinke jimloli biyu da waƙafi: “We received the goods, five cartons were damaged.” Ko dai ka sa aya a tsakani, ko ka ƙara but bayan waƙafin. However da therefore ba sa iya wannan ɗinki. Aya ko waƙafi mai ruwa (;) ke zuwa kafinsu, waƙafi kuma bayansu: “We received the goods. However, five cartons were damaged.”

Waƙafi. Aikinsa uku ne a wasiƙa: raba jerin abubuwa, bin bayan gabatarwar jimla irin “If you agree, please sign below”, da killace ƙarin bayani. Ba a sa shi don kawai an ja numfashi, kuma ba ya shiga tsakanin mai aiki da aikatau. Dubi waɗannan biyu da kyau:

“The bags that are wet will be returned.”
“The bags, which are wet, will be returned.”

Ta farko tana cewa buhunan da suka jiƙe kaɗai za a mayar. Ta biyu tana cewa duka buhunan sun jiƙe, kuma duka za a mayar. Ga mai tirelar riɗi daga Dawanau, bambancin ba na wasa ba ne.

A jerin abubuwa, Turancin Ingila bai cika sa waƙafi kafin and ko or na ƙarshe ba, amma sa shi duk inda rashinsa zai bar magana da harshen damo. A jihar Maine ta Amurka direbobin kamfanin madara na Oakhurst Dairy sun yi ƙara kan kuɗin aikin ƙarin lokaci. Dokar jihar ta jera ayyukan da ba a biyan wannan kuɗi a kansu, jerin ya ƙare da “packing for shipment or distribution” babu waƙafi kafin or. Shin rarraba kaya aiki ne mai zaman kansa a jerin, ko ɗaurin kaya don rarrabawa kaɗai ake nufi? A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta ce maganar tana ɗaukar fassara biyu, ta karkata ga direbobin, kuma a 2018 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 5. Idan jerinka ya yi tsawo, hanya mafi aminci ita ce ka sa kowane abu a layinsa da lambarsa.

Ruwa biyu (:). Yana gabatar da jeri ko bayani, bayan cikakkiyar magana: “Please send the following: the invoice, the waybill and the receipt.” Waƙafi mai ruwa kuwa ɗan koyo zai iya shekara bai taɓa shi ba, aya tana yin aikinsa.

Waƙafin sama ('). Mallaka yake nunawa: the customer's order na mutum ɗaya, the customers' orders na mutane da yawa. Ba a yin jam'i da shi, don haka carton's a matsayin katan-katan kuskure ne. It's gajarta it is ce ko it has, its ita ce ta mallaka: “The company changed its address.” Gwaji: karanta it is a wurin, in bai zauna ba to cire alamar. A wasiƙa ta hukuma ma gara ka rubuta do not da cannot a cike.

Karan ɗori (-). Yana haɗa kalmomi biyu da suka taru suka siffanta suna: a six-month contract. Lura da re-sign, sake sa hannu, da resign, ajiye aiki.

Alamar tambaya ta tambaya ce kai tsaye. “Please let us know when you will pay” ba tambaya ba ce, aya take ɗauka. Alamar motsin rai (!) da zarce (...) ba su da gurbi a wasiƙar kasuwanci. Rubuta jimla duka da manyan baƙaƙe kuma tamkar ɗaga murya ne. Babban baƙi na farkon jimla ne, da sunayen mutane da wurare da kamfanoni, da ranaku da watanni, da I.

Wanda ya yi karatu da Faransanci, a Maraɗi ko Damagaram ko Garwa, ya kula da abu biyu: Turanci ba ya barin tazara kafin ruwa biyu ko alamar tambaya, kuma Monday da March da babban baƙi suke farawa.

8. Lambobi, kwanan wata da awo

A Turanci waƙafi ke raba dubbai, aya ke raba ɓangare: ₦1,500,000.50. A Faransanci akasin haka ne, waƙafi ne na ɓangare, dubbai kuma da tazara ko aya. Wato 2,500 dubu biyu da ɗari biyar ne a Kano, amma mai karantawa da idon Faransanci zai iya ganin biyu da rabi. Maganin shi ne abin da ake yi a kan cak: rubuta adadi da lamba, ka sake rubuta shi da kalmomi, “One million, five hundred thousand naira only”. Kula da fifteen da fifty, sixteen da sixty, kuma forty ba ta da u.

Faɗi irin kuɗin. Idan madannanka ba su da ₦, rubuta NGN. Sefar Nijar XOF ce, ta Kamaru da Chadi XAF, sidin Gana GHS. Dala ma ta ƙasashe da yawa ce, USD ce ta Amurka.

Kada ka rubuta kwanan wata da lamba zalla. 03/04/2025 uku ga Afrilu ne a Najeriya da Ingila, amma huɗu ga Maris ne a Amurka, mutanen Sin kuwa da shekara suke farawa. Rubuta 3 April 2025, magana ta ƙare.

A awo, tonne kilo 1,000 ne, amma ton na Amurka kusan kilo 907 ne. Mai fitar da riɗi ko zoɓo ya rubuta metric tonnes. Buhu da katan ma ba awo ba ne sai an faɗi abin da ke ciki: “50 kg bags”, “cartons of 24”.

9. Harhaɗa wasiƙar

Kanun saƙo ya faɗi maganar da lambar takarda. Idan ba ka san sunan mutum ba, “Dear Sir or Madam” ake buɗewa da ita, a rufe da “Yours faithfully”. Idan ka san suna, “Dear Mr Bello” ko “Dear Alhaji Bello”, a rufe da “Yours sincerely”. Yours ba ta da waƙafin sama, kalma ta biyu kuma ƙaramin baƙi ce. Mr da sunan ƙarshe yake tafiya, kuma ba a haɗa shi da Alhaji ko Dr. Macen da ba ka san ko tana da aure ba Ms ce, in Hajiya ce ka kira ta Hajiya. Sinawa sunan dangi suke sawa a farko, don haka ka duba kafin ka zaɓa. “Dear Sir/Ma” ta gida ce, kada ta tsallaka iyaka.

Mun saba da doguwar gaisuwa kafin a shiga magana, kuma tana da kyau a muhallinta. A wasiƙar Turanci layi ɗaya ya isa, “I hope you are well.” In abokin huldar na gida ne, kira shi a waya ku gaisa yadda ya kamata, ka tambayi iyali da kasuwa, takarda kuma ta ɗauki lissafi.

Ga irin saƙon da ake gani kullum:

“Dear sir am writing to inform you that we have sent the goods since last week, uptil now we did not see any alert, pls do the needful as we have called you severally.”

Wane kaya? Nawa? Wace rana? Me ake so ya yi, kuma kafin yaushe? Babu amsa ko ɗaya. Ga shi bayan gyara, da adadi na misali:

Subject: Invoice 014: payment overdue

Dear Mr Bello,

We delivered 50 cartons of soap to your warehouse on 4 March 2025. Payment of ₦1,250,000 was due on 18 March 2025, but we have not yet received it.

Please pay into the account shown on the attached invoice by Friday, 28 March 2025. If you have already paid, please send us proof of payment.

Yours sincerely,

Jimla huɗu ce. Delivered ta zo babu have domin an ambaci rana. Have not yet received ta ɗauki have domin har yanzu ana jira. By ta kafa wa'adi. Jimlar ƙarshe ta bar wa mutumin ƙofar fita da mutuncinsa, ko da ya biya saƙon banki ne bai shigo ba. Babu zagi, babu magiya, kuma in magana ta kai gaban shugabannin kasuwa ko lauya, takardar za ta tsaya da ƙafarta.

Yi wa kowane irin wasiƙa bakwai da aka ambata a farko samfuri ɗaya kamar wannan, ɗaya a mako, mai duba maka ya gyara. Bayan mako bakwai kana da abin da zai ɗauki mafi yawan aikinka.

10. Dubawa kafin aikawa

Sau uku ake karantawa, kowane karo da abin da ake nema. Karo na farko lambobi kaɗai: adadi, kwanan wata, lambar asusu, sunan mutum, kana gwada su da takardar asali. Lambar asusun banki a Najeriya lambobi goma ne a jere, ƙirga su. Karo na biyu aikatau da kalmomin mataki na biyar. Karo na uku ka karanta da murya a hankali, kana bin alamomi da yatsa.

Jan layin kwamfuta yana kama kalmar da babu ita ne kawai. Hausa ba ta raba p da f ba, kuma ba ta da v, don haka hannu kan rubuta pull payment maimakon full payment, ko ban maimakon van, na'ura kuma ta yi shiru domin duk kalmomi ne na gaske. Haka price da prize, lose da loose, advice da advise, been da being, quite da quiet, stationery da stationary. Rubuta waɗanda suka fi kama ka a bangon littafinka, ka neme su ɗaya bayan ɗaya a kowace wasiƙa.

Idan ka yi amfani da Google Translate ko manhajar da ke rubutu da kanta, ɗauki abin da ta ba ka a matsayin daftari. Duba wa ke bin wa, duba wa'adi, ka cire manyan kalmomin da kai ma ba ka san ma'anarsu ba, kuma kada ka zuba mata lambar asusu ko sirrin abokin ciniki. Idan a shagon buga takardu ake buga maka, tsaya ka karanta a allon kwamfuta kafin a fitar, domin sau da yawa a kan tsohuwar wasiƙar wani ake ɗora taka.

Wasiƙar ƙorafi ko ta bashi da aka rubuta cikin fushi ta kwana kafin a aika. Takardar farashi da rasit kuwa a mayar da su PDF don kada wani ya taɓa adadin. In ka ce attached, tabbatar ka liƙa takardar kafin ka rubuta adireshin mai karɓa. Duk lokacin da ka ɗauko samfurinka don sabon ciniki, wurare huɗu za ka fara canzawa tun kafin ka taɓa komai: suna, kwanan wata, lambar takarda, da adadin kuɗi na lamba da na kalmomi.